Yadda ake gane kukan jariri, da yadda ake rarrashinsa

A dare na huɗu bayan ƙanwata ta haihu, tun da aka idar da sallar magariba yaron ya fara kuka, har aka yi isha'i bai tsaya ba. Haihuwar fari ce, ta zo wankan gida ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, hunturu kuma ya kankama. Ɗaki ya cika da mata. Gwaggo ta ce beli ne, a aika wa wanzami da sassafe. Iya ta ce ƙishirwa ce, a ɗiga masa ruwan ɗumi. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce ai an bar shi a tsakar gida har rana ta faɗi, iska ce ta shafe shi. Mai jegon kuwa tana bakin gado ta juya fuska bango, nono ya cika har yana jiƙa mata riga, amma kunyar ɗan fari ta hana ta miƙa hannu a gaban iyaye.

Da na karɓe shi sai na ga yana ta cusa dunƙulallen hannunsa a baki, duk inda yatsana ya taɓa kumatunsa sai ya juya can yana buɗe baki. Na ce, "Iya, don Allah ku ɗan ba mu wuri." Suna fita na ɗora mata shi a ƙirji, na tatso ɗigo ɗaya na shafa masa a leɓe. Ba a yi minti biyu ba ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar haɗiya.

Wannan shi ne kuskuren da muka fi yi. Jariri na kuka, sai hankalinmu ya tafi can nesa, kan beli da maita da iska, mu tsallake abin da ke gaban idonmu. Kukan kurciya ma an ce jawabi ne, balle na ɗan Adam da ba shi da wani baki sai shi. Na haifi biyar, na kuma zauna da masu jego da yawa a danginmu, kuma abin da na koya a wajensu da wajen ma'aikatan awo shi ne a bi kukan daki-daki, a fara da dalilin da ya fi yawa, a kuma san inda rarrashi ya ƙare, aikin asibiti ya fara.

Fara da nono, ko da ɗazu ya sha

Ranar da aka haifi jariri, cikinsa bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya a sha guda ba. Zuwa ranar suna ya ɗan buɗe, amma bai kai girman ƙwan kaza ba. Ga nonon uwa da saurin narkewa. Shi ya sa yake neman sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana, wani yammacin ma sai ya riƙa nema bayan kowane rabin awa. Kada wannan ya sa ki zaci nononki ne bai isa ba. Yawan tsotson ne ke sa jiki ƙara kawo ruwan nono, wanda aka rage wa tsotso kuma shi ne ke janyewa.

Yunwa tana da sallama kafin ta kai ga kuka. Zai fara motsi cikin barci, ya riƙa lasar leɓe yana fito da harshe, ya kai hannu baki, ya juya kai yana lalube. Idan kika ba shi a wannan gaɓar, cikin natsuwa zai kama. Idan kika bari sai ya yi jawur yana sanƙarewa, zai kama ya saki, ya kama ya saki, har ki ce ƙin nonon yake yi. To idan har ya kai nan, ki fara rungume shi a tsaye a kan ƙirjinki ya ɗan huce, sannan ki ba shi.

Yadda ya kama nonon ma abin dubawa ne, don akwai mai tsotso na tsawon awa ya tashi da yunwa. Ki juyo da shi gaba ɗaya, cikinsa ya manne da naki, kansa da jikinsa su miƙe a layi ɗaya. Ki jira ya wangale baki sosai kafin ki matso da shi. Haɓarsa ta taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, baƙin wurin da ke kewaye da kan nono mafi yawansa ya shige bakinsa. Idan kan nonon kaɗai yake tsotsa, ke za ki ji zafi har wurin ya tsage, shi kuma ba zai samu na ƙoshi ba. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, ku sake. Ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi ɗayan, saboda ruwan da ke zuwa a ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki.

Dakashi, wato nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa, kada a tatse a zubar. Ba datti ba ne, shi ne kariyar farko da yaro ke samu daga cututtuka. Gwajin nan da ake yi, a tatsi nono a ƙoƙo a jefa tururuwa a ga ko za ta mutu, ba ya nuna komai game da lafiyar nono, amma ya raba yara da yawa da abincinsu.

Maganar ruwa ita ce mai wuya, musamman da bazara, lokacin da zafi a Haɗejia ko Gumel ke haura digiri 40. Tsofaffi za su ce, "Wace halitta ce ke rayuwa ba ruwa?" Gaskiyarsu, sai dai ruwan yana cikin nonon: kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsaya a kan nono zalla har wata shida. Ruwan rijiya ko na randa yana iya kawo masa gudawa, ko da mai tsabta ne kuma yana cike gurbin da nono zai shiga. Idan zafi ya yi yawa, ke ki sha ruwan, shi ki ƙara masa yawan shayarwa.

Idan kina son sanin ko yana samu, ki ƙirga fitsari. Daga kwana na biyar, yaron da ke jiƙa tsumma sau shida ko fiye a kwana ɗaya, yana kashi mai laushi ruwan ɗorawa, to yana ƙoshi. Ɗan ramewa a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, zuwa sati biyu yakan maido nauyin haihuwarsa.

Ku kuma iyayenmu, kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ba na raina ta. Amma yarinyar da ba za ta iya ɗaga riga a gabanku ba, ku ba ta ɗaki, ku ce mata da bakinku, "Ɗauki ɗanki ki ba shi." Wannan kalma ɗaya daga bakin kaka ta fi duk wani jiƙo.

Gyatsa

Idan ya sha ya ƙoshi amma yana mutsu-mutsu yana naɗe ƙafafu, iska ce ya haɗiya. Ki ɗora shi a kafaɗa, hannu ɗaya ya tallafi ƙeyarsa, ɗayan yana shafa baya daga ƙasa zuwa sama, ko kina ɗan bubbugawa a hankali. Minti biyar ya isa. Idan ba ta zo ba, ba kowane sha ne ke da gyatsa ba. Ɗan tumbuɗi bayan sha ba ciwo ba ne. Haka ma nishi da jan fuska da yake yi kafin kashi, in dai kashin ya fito da laushi, ba ya buƙatar wani magani.

Tuɓe shi ki duba da idonki

Wannan mataki ana yawan tsallake shi saboda tsoron sanyi, alhali minti biyu ne aikinsa. Ki rufe ƙofa, ki kunna tocila, ki cire masa komai. Fara da kunzugu ko famfas: ya jiƙe? Wurin ya yi ja ya saɓe? Ki wanke da ruwan ɗumi, ki tsane, ki bar wurin ya sha iska kaɗan. Sai ki bi yatsun hannu da na ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ɗiyata ta uku ta taɓa kwana tana ihu, ashe zaren cikin safa ne ya naɗe mata ɗan yatsan ƙafa, har ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi. Silin gashin uwa ma yana yin haka, ga namiji har a gabansa. Ki duba igiyar laya ko ta wuya ko ta ƙugu ba ta matse ba. Ki kakkaɓe shimfiɗa saboda cinnaka da kuɗin cizo, ki duba lungun wuya da hamata ko ƙurajen zafi sun feso.

Ki tsaya a kan cibiya. Ta bushe tana baƙi, to lafiya. Ta yi ja har jan ya bazu a fatar ciki, tana ruwa ko wari, wannan na asibiti ne. Abin da ake shafa wa cibiya shi ne man chlorhexidine da ake bayarwa a wajen haihuwa, ana samunsa a kemis. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma mai zafi ko ɓallin tukunya. Idan kuma kin ga nonon jaririn ya ɗan kumbura, namiji ne ko mace, kada a matse. Da kansa yake sacewa, matsar ce ke jawo ƙurji.

Zafi da sanyi, a ƙeya ko ƙirji ake jin su, tafin hannun jariri kusan kullum da ɗan sanyi yake. Ƙeya na gumi, a rage kaya. Ƙirji ya yi sanyi, a manna shi a jikin uwa a lulluɓe su tare, a sa masa hula. Ƙarin kaya ɗaya a kan adadin da ke jikinki ya ishe shi. Da hunturu muna shigar da kaskon garwashi ɗakin mai jego mu toshe ko'ina, a ƙara da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Wannan hayaƙi yana shaƙe jariri, garwashi a rufaffen ɗaki kuma yana iya kashe babba ma cikin barci. A ɗumama ɗakin a fitar da kaskon, sauro kuma a bar wa gidan sauro. Kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai shi ma a raba shi da su: akwai yaran da jininsu ba ya jure shi, yana jawo musu shawara mai tsanani.

Ya ƙoshi, ya bushe, amma bai daina ba

Yanzu aka zo rarrashi na ainihi. Ki tuna daga inda ya fito: wata tara yana wuri mai ɗumi, matsattse, mai duhu, kullum ana jijjiga shi, yana jin bugun zuciyarki da gudun jini. Duk abin da ya yi kama da wannan wuri yana kwantar masa da hankali.

Mafi ƙarfi shi ne fata da fata. Ki bar shi da kunzugu da hula kawai, ki kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwanki, kansa a juye gefe yadda hancinsa ke fili, ki ja zani ki rufe ku biyu. Wannan goyon ƙirji likitoci suka fara amfani da shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 don bakwaini, da kwalaben renon jarirai suka yi musu kaɗan, yanzu kuma a asibitocinmu ma ana koyar da shi. Ƙirjin uba ma yana yi, na kaka ma yana yi.

Idan ba hali, ki naɗe shi a zani mara kauri, hannayensa a ciki don kada firgitar da yake yi ta riƙa tashinsa, amma ƙugu da ƙafafu a sake, fuska a buɗe. Ki ɗauke shi ki riƙa zagaya ɗaki kina jijjiga shi sannu-sannu, bakinki kusa da kunnensa kina cewa "shiiii" mai tsawo, ko waƙar reno, ko karatu da murya ƙasa-ƙasa. Wani yaron ya fi son a kifa shi a kan damtsen hannu, kansa wajen gwiwar hannu, ana shafa masa baya. Kowace dabara ki ba ta minti biyar kafin ki sauya. Saurin sauye-sauye ma yana ƙara rikita shi. Idan barci ya ɗauke shi, a rigingine za ki kwantar da shi, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo, cikin gidan sauro. Naɗewa kuma a daina ta da zarar ya fara yunƙurin juyawa da kansa.

Akwai kukan gajiya da ba mu cika lura da shi ba. Daga barka zuwa suna, jariri yana bin hannu ashirin a wuni, kowa da turarenta da muryarta, ga guɗa, ga hasken waya a fuskarsa. Sabon haihuwa ba ya iya wuce awa ɗaya ko makamancin haka a farke ba tare da ya gaji ba. Idan kika ga yana hamma, yana kau da kai daga fuskar mutane, ki shige da shi ƙurya, ki rage haske. Masu barka ba za su yi fushi ba, in sun yi ma za su huce. Kada kuma wani ya ce miki yawan ɗauka zai lalata shi. Ɗan wata ɗaya bai san wayo ba, kuka yake don yana buƙata.

Kukan magariba

Akwai kukan da za ki bi duk matakan nan ya ƙi tsayawa. Yakan fara ne wajen sati biyu da haihuwa, ya kai ƙololuwa wajen sati shida, wato daidai lokacin da ake shirin gama wankan arba'in, sannan ya riƙa raguwa har ya ɓace tsakanin wata uku zuwa huɗu. Da yamma ya fi zuwa, shi ya sa muke danganta shi da iska. Yaran Ingila da na Indiya ma a wannan lokaci suke yinsa. Tun 1954 wani likitan yara ɗan Amurka, Morris Wessel, ya ba shi ma'auni: kukan da ya wuce awa uku a rana, kwana uku a sati, har sati uku, a jikin yaron da ke shan nono yana girma lafiya. Idan an kai shi awo an duba an ce lafiyarsa lau, to maganinsa runguma da haƙuri da karɓa-karɓa. Haka ma bayan allurar rigakafi ta sati 6, 10 da 14, yakan yi rigima kwana ɗaya ko biyu, ya wuce.

A nan ne ake ɗura wa yara abin da ke cutar da su, don uwa ta gaji, kowa kuma yana da abin da zai ba da shawara. Ina roƙonku, kada komai ya shiga bakinsa sai nono da abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. Jiƙe-jiƙen sassaƙe da tsimi, ba wanda ya san ƙarfinsu a kan hantar ɗan kwana ashirin. Zuma sai ya shekara, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Maganin tari ko na mura da ake ba yaro don ya yi barci yana iya danne masa numfashi. Na kwalba ma ba a sayensa da ka: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, aƙalla yara 84 suka rasu a Najeriya bayan shan maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda wani gurɓataccen sinadari a cikinsa ya lalata musu ƙoda. Farasitamol ma kada a ba ɗan ƙasa da wata biyu sai an duba shi, don yana ɓoye zazzaɓin da ya kamata a gani.

Addu'a da tofi kuwa a yi su sosai, a kama kansa a yi masa, a shigar da shi ɗaki kafin faɗuwar rana kamar yadda aka koya mana. Idan an karɓo rubutu wajen malam, uwa ta sha, shi a bar shi da nono. Beli kuma halitta ce da kowa ke da ita a maƙogwaro, ba ya sa kuka, ba ya hana tsotso. Yankan ne ke kawo zubar jini, da ciwon da zai hana shi kama nono, da cutar da aska ke ɗaukowa.

Idan ke ce kika kai bango

Dare uku ba barci, ga ciwon jiki, ga kuka a kunne, zuciya tana iya tafasa, kuma wannan ba ya nufin ke muguwar uwa ce. Abu ɗaya ne ba a yi ko da wasa: girgiza jariri da ƙarfi. Wuyansa ba ƙwari, kansa ya fi ƙarfin jikinsa, girgizar daƙiƙa kaɗan tana iya tsinka jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ta jawo makanta, ko shanyewar jiki, ko rasuwa. Idan kika ji hannunki na rawa, ki kwantar da shi a rigingine a wuri mai aminci, ki fita tsakar gida minti goma, ki sha ruwa, ki yi alwala, ki tashi wani. Maigida, kai ma ɗanka ne: karɓe shi ka zaga da shi soro, ta samu ko awa biyu ta runtsa. Mai jegon da ta wuce sati biyu tana kuka ita kaɗai, ba ta jin daɗin komai, ba ta iya barci ko da yaron ya yi, a kai ta ta yi magana da ma'aikaciyar lafiya, ciwo ne mai magani.

Kukan da ba a rarrashi

Duk abin da na faɗa a sama na yaro mai lafiya ne. Idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, a bar komai a kama hanya, ko da tsakar dare ne. Ya ƙi nono sam ko ba ya iya tsotsa. Jikinsa ya yi zafi, ma'auni ya nuna 37.5 ko sama, ko ya yi sanyi ƙalau ƙasa da 35.5. Numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya. Ki ƙirga da agogon waya lokacin da ya yi shiru, ki sake ƙirgawa don ki tabbatar. Ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki sosai idan ya ja numfashi, ko yana gurnani. Yana fizge-fizge ko taune-taune. Ya yi laƙwas, ba ya motsi sai an taɓa shi. Idonsa ya yi ɗorawa tun ranar farko, ko shawarar ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa. Shanya shi a rana ba ya maganin wannan. Maɗigarsa ta kumbura ko ta lotsa. Amai kore, ko jini a kashi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko kumburi a matsematsi ko maraina da yake ihu idan an taɓa. Kukan da kansa ma idan ya sauya, ya zama siriri mai tsini kamar ana tsira masa allura, ko ya raunana har da ƙyar ake ji, ya isa dalili.

Yaron da ya sha nono lafiya a kwana biyun farko, sannan ya daina, bakinsa ya ƙulle, jikinsa na sandarewa, alamar tetanos ce, wadda kan shiga ta cibiya ko ta aska. Zazzaɓi a jikin ɗan ƙasa da wata biyu kuma kada a ɗauka na sauro ne a je kemis. Sau da yawa cuta ce ta shiga jini, kuma a jikin jariri awoyi take ƙirgawa, ba kwanaki ba.

Asibitin sha-ka-tafi mafi kusa shi ne farko, su za su duba su tura gaba in da buƙata. A Jigawa akwai sashen jarirai a babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da na tarayya a Birnin Kudu. A Kano akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, da na Murtala, da na Malam Aminu Kano. Tun cikin na wata takwas maigida ya yi magana da mai babur ko mai mota ɗaya a gari, a ajiye lambarsa a waya biyu, a ware kuɗin mai a wuri ɗaya da ba a taɓawa, a kuma yi wa uwar gida izinin fita tun kafin ranar, don kada a zauna jiran wanda ya tafi kasuwar Maigatari ko Gujungu. A kan hanya yaron ya kasance a manne da fatar ƙirjin uwa cikin riga, da hula, hancinsa a fili, in yana iya tsotsa a ci gaba da ba shi. A ɗauki katin awo, a kuma tafi da duk abin da aka riga aka ba shi a baki, kwalba ce ko jiƙo, a nuna wa likita ba tare da ɓoyewa ba.